Kofin Da Ba A Fita Da Shi Gida

Jama'a, akwai wata magana da na ke so mu duba tare, ko da ya ke abin ya faru ne a wata ƙasa mai nisa, watau Amurka. Maganar kuwa ita ce, ina amfanin a ce makaranta ta fi kowa iya wasa, in har akwai waɗanda ta ƙi yarda ta kara da su?

A kudancin Amurka akwai wata jiha da a ke kira Misisipi, cikinta akwai Jami'ar Jihar Misisipi, a garin Starkville. Samarin wannan jami'a sun gwanance ƙwarai wajen ƙwallon kwando, mai koya musu kuwa sunansa Babe McCarthy. Jami'o'in kudu maso gabas suna da ƙungiyarsu, kowace shekara su kan yi ta karawa har a ga wadda ta fi. To, samarin nan sun zo na ɗaya a 1959, da 1961, da 1962 (a wannan shekara tare da Jami'ar Kentucky), da kuma 1963. Bisa ƙa'ida, wanda ya ci a yankinsa shi ne a ke gayyata babbar gasa ta ƙasa duka. Amma sau uku suna ci, sau uku suna zama gida. Ba domin kome ba sai domin manyan jihar sun ɗaura wata al'ada, wadda ba a rubuta ta cikin doka ba, cewa ɗan farar fata na makarantunsu ba zai shiga fili ɗaya da baƙar fata ba. A 1959 wasa ɗaya tak a ka cinye su cikin 25, duk da haka suna ji suna gani a ka tura waɗanda ke bayansu.

Da a ka kai 1963, sai shugaban jami'ar, Dean Colvard, ya ce bana kam za su tafi. Mai karatu ya tuna fa, watanni kaɗan kafin nan, a 1962, an yi tarzoma a wata jami'a ta jihar, har mutum 2 su ka mutu, domin baƙar fata guda, James Meredith, ya shiga karatu. Gwamnan jihar, Ross Barnett, bai so tafiyar ba. Wani ɗan majalisa ma ya garzaya kotu ya samo takardar hani. Colvard da McCarthy su ka fice daga jihar kafin a miƙa musu takardar. Washegari a ka fara tura 'yan wasa na baya filin jirgin sama, a ga ko za a tare su. Da a ka ga ba wanda ya tare su, sa'an nan sauran su ka biyo, jirgi ya tashi.

Ran 15 ga Maris 1963, a garin East Lansing na jihar Mishigan, su ka gamu da Jami'ar Loyola ta Shikago, wadda 4 cikin 'yan wasanta 5 na farko baƙaƙe ne. Kafin a jefa ƙwallo, shugabannin 'yan wasa biyu, Joe Dan Gold da Jerry Harkness, su ka yi musafaha, masu ɗaukar hoto su ka yi ta ɗauka. A ka yi wasa lafiya, ba zagi ba duka. Loyola ta ci da maki 61, Misisipi na da 51. Loyola kuwa ta yi ta ci har ta ɗauki kofin ƙasa duka a wannan shekara.

To, ga ra'ayina. Ni a ganina kayen da a ka yi musu a 1963 ya fi dukan nasarorinsu na baya daraja. Ɗan kokawar da bai taɓa fita dandalin garinsu ba, kome kirarin da makaɗa ke yi masa, shi kansa bai san iyakar ƙarfinsa ba. Samarin 1959 har abada ba wanda zai san ko su ne gwanayen Amurka, gama an hana su gwadawa, shekarun ƙuruciya kuwa ba su komowa. Manyan da su ka hana su sun ce martabarsu su ke karewa, alhali kuwa haƙƙinsu su ka danne. Na 1963 sun je, sun gani, sun san matsayinsu, sun komo da kansu a ɗage.

Na san waɗansu za su ce, ai wasa wasa ne, wannan karawa ba ta sāke halin Misisipi ba. Lalle akwai gaskiya cikin wannan. Cikin watan Yuni na 1963 ɗin nan a ka harbe Medgar Evers, mai fafutukar 'yancin baƙar fata, a ƙofar gidansa a Jackson, babban birnin jihar. Sai a 1965 jami'ar ta karɓi ɗalibinta baƙar fata na farko, Richard Holmes. Sai kuma a 1967 baƙar fata, Perry Wallace na Jami'ar Vanderbilt, ya fara buga ƙwallon kwando cikin manyan 'yan wasan ƙungiyar. Amma fa al'adar nan bisa tsoro ta ke tsaye, watau an gaya wa mutane in an haɗu wani mugun abu zai faru. An haɗu, ba abin da ya faru sai wasa. Gani ya kori ji. Har wa yau, sa'ad da Gold ya rasu a 2011, Harkness ya yi tattaki ya halarci jana'izarsa. Ashe musafahar nan ba ta hoto kaɗai ba ce.

Abin da ya fi shafarmu, mu da ke koyon aikin malanta, shi ne halin Colvard. Ba shi ya jefa ƙwallo ko ɗaya cikin kwando ba, amma shi ya sa aikinsa cikin haɗari domin yaran da a ka ba shi amana. Ko ba daɗe ko ba jima kowannenmu zai riƙe aji, wani ma makaranta ɗungum. Wata rana za a ce maka kada yaranka su zauna da 'ya'yan su wane, ko kada su je wasa gari kaza, domin harshensu ko addininsu dabam ne. Mai faɗa maka kuwa mai yiwuwa ne ya fi ka iko. Ran nan sai ka tambayi kanka, shin wa za a cuta in ka yi shiru? Yaran ne, ba kai ba.

Saboda haka in ƙungiyarmu ta ci kofi mu yi murna, amma kada mu zaɓi abokan karawa domin gudun kunya ko ƙyamar wani. A ci mu a fili ya fi mu ci a bayan ƙofa. Allah ya ba mu zuciyar tsayawa kan gaskiya, amin.