Waiwaye: Hatimin da Ba a Dubawa

A 1982, lokacin da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar aika imel ta SMTP, masu amfani da hanyar ba su da yawa, galibinsu malaman jami'a ne da masu bincike a Amurka. Yarda ce ke riƙe da su, don haka ba a tanadi hanyar tantance mai aiko saƙo ba. Duk sunan da mutum ya rubuta a gurbin mai aikowa, haka za a karɓa. Da intanet ta cika maƙil, 'yan damfara suka tarar da ƙofa a wangale, suka shiga aika saƙonni da sunan bankuna suna neman lambobin sirrin jama'a.

Kamfanonin Yahoo da Cisco kowanne ya fito da dabararsa ta tantance mai aikowa, aka haɗe su aka samar da DKIM a 2007. Kwamfutar da ke aika saƙo tana buga masa hatimi da mabuɗin sirri, kamfanin da ke aika saƙon kuma ya wallafa abokin mabuɗin a kundin adireshin intanet na DNS. Mai karɓa sai ya ɗauko ya gwada. Idan an taɓa jikin saƙon a hanya, hatimin ba zai dace ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da 'yan damfara suka addaba, yana buga hatiminsa, su kuma sai su aiko da jabu ba hatimi, a karɓa, tunda masu karɓa ba su san ko dole ne ya kasance ba. Sai da Yahoo a 2007, da Gmail a 2008, suka amince su riƙa watsi da duk saƙon PayPal da bai tantantu ba, sannan aka ga haske. Wannan yarjejeniya ce ta haifar da DMARC a 2012, inda kowace ma'aikata ke iya shelanta abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajin. A Fabrairun 2024, Google ya wajabta tantancewa ga duk mai aika saƙonni 5,000 ko fiye a rana.

Darasin shi ne, sa hannu rabin aiki ne. Ragowar na wuyan mai karɓa, ya duba, ya kuma iya cewa a'a. Ma'aikatar da ta kafa hatimi ba ta umarci a ƙi jabu ba, ta bar abokan hulɗarta a hannun mazambata. Kai ma mai karatu, hatimi yana tabbatar da adireshin da saƙo ya fito ne kawai. Ɗan damfara na iya yin rajistar suna mai kama da na bankinka, ya buga nasa hatimin. Karanta adireshin harafi bayan harafi kafin ka latsa komai.