Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ba Rumbu Ba Ce

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana wadda tilas ne mu yi mata rubdugu tun ba ta ci mu ba. Daga Chikaji har Samaru, da ka tambayi ɗalibi ina kundin bincikensa, ko waƙoƙin da ya naɗo daga bakin tsofaffi, sai ya zaro ɗan filash wanda bai fi yatsa ba, ya ce, "Ga su nan a ajiye." Haba jama'a! Ai wannan ba wa kura ajiyar nama ne.

Bari mu dubi yadda abin yake. Ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita tamkar allo ce, da an ɗauke wuta an wanke ta sarai. Filash da memorin waya kuwa, ɗan cajin lantarki suke tsarewa cikin wasu mitsi-mitsin ɗakuna, cajin nan kuma yoyo yake yi sannu a hankali, zafi irin na bazararmu yana ƙara masa gudu. Daɗin daɗawa, ga jabu a kasuwa, ga bairos na shagunan buga takardu, ga ɓarayin waya.

Ko da kayan bai lalace ba, na'urar karanta shi takan mutu ta bar shi. A 1986 gidan rediyon BBC ya tara bayanan rayuwar mutanen Birtaniya a faifan zamani, don tunawa da cika shekara 900 da wani kundin ƙidayar ƙasa da aka rubuta a Ingila a 1086. Ba a yi shekara 20 ba na'urorin karanta faifan suka yi wuyar samu, sai da masana suka yi jan aiki kafin su ceto shi. Kundin 1086 kuwa yana nan ana karantawa. Mu ma nan, wa ke da inda zai zura fulofi yau?

Wani zai ce, to ai takarda ma gara na ci, ruwa na jiƙa ta, wuta na cinye ta. Gaskiya ne, kuma a 2013 an ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu. Amma me ya kawo mana Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812? Ba ƙarfin takarda kaɗai ba. Almajirai ne suka yi ta kwafa da hannu, wannan ya kai Kano, wancan ya kai Zazzau, ta yadda in gara ta ci gafaka ɗaya, akwai wata a wani gari. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa shirin binciken tarihin Arewa a 1964, irin waɗannan kofe-kofe aka bi gida-gida ana ɗauka. Watau sirrin magabata shi ne yawan kwafi da rarraba shi.

Saboda haka ba gaba nake yi da kwamfuta ba, gabata da lalaci ce. Wanda ya ɗauki hoton littattafan kakansa da waya, sa'an nan ya watsar da gafakar a zaure, ya yi wa jikokinsa sata.

Ina kira ga ƙungiyarmu da ta kafa doka: duk abin da ɗalibi ya tattaro, a yi masa kofe uku a wuri daban-daban, ɗaya a takarda, a damƙa wa ɗakin karatu. Na kwamfuta kuma a riƙa buɗe shi ana sake kwafa cikin sabuwar na'ura duk bayan 'yan shekaru. Tsohuwar da ta ba ka tatsuniya bana ba lalle ka same ta baɗi ba. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, to mu tabbata ranar za ta tarar da ajiyar. Allah Ya sa mu gane, amin.