A AUNA MUTUM KAFIN A AUNA MASA ISKA

Jama'a, duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa daga Kebbe ko Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato don a yi masa babban aiki, hankalinsa yana kan wuƙar likita ne. Amma akwai wani ma'aikaci a wajen kan majinyaci, watau mai ba da maganin barci. Idan magani ya saki jiki, mutum ba ya iya jan numfashi da kansa, sai inji ya riƙa hura masa iska ta bututu, kamar yadda yaron maƙeri ke yin zuga. Mu a ganinmu, wajibi ne a auna wa kowane mutum tasa iskar, daidai ruwa daidai tsaki.

Da can likitoci sukan cika huhu sosai, mililita 10 zuwa 12 ga kowane kilo na jiki. A shekarar 2013 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Faransa kan mutum 400 da aka yi wa aikin ciki. Aka bar rabi a kan tsohon awo, rabi kuwa aka rage musu zuwa mililita 6 zuwa 8, tare da kiyaye huhunsu a buɗe. Cikin mako guda, fiye da kashi 27 cikin 100 na masu tsohon awo suka gamu da babbar matsala, amma na sabon awo ba su kai kashi 11 ba.

To, wane kilo za a lissafa? Huhu yana bin tsawon mutum ne, ba ya bin ƙibarsa. Ga misali: mace mai tsawon santimita 155, nauyin da ya dace da tsawonta kusan kilo 48 ne, sabo da haka iskarta ba za ta wuce mililita 380 da ɗoriya ba. In tana da jiki har ta kai kilo 90, aka kuwa bi sikeli, sai a ɗura mata 720, kusan ninki biyu ke nan. Mata da gajerun mutane su suka fi faɗawa cikin wannan kuskure.

Akwai kuma 'yar iskar da akan bari cikin huhu bayan kowane numfashi don kada ya manne. In ta yi kaɗan, huhu ya manne. In ta yi yawa, ta danne zuciya, jini ya sauka. A 2014 wani gwaji kan mutum 900 ya nuna ƙara ta ga kowa da kowa bai rage ciwon huhu ba, sai dai ya yawaita saukar jini. Mai ƙiba da ramamme ba za su zama ɗaya ba. Abincin wani gubar wani.

Wani zai ce wannan zancen likitoci ne, ina ruwan akawu da malamin makaranta? Da ruwansu. Mun sha ganin takardar majinyaci an rubuta nauyi an bar gurbin tsawo fayau, alhali kuwa awon bai fi na minti ɗaya ba. Akawun da ke riƙe da takardu ya ga an cika gurbin nan. Hukumomi kuma, in za su sayi inji, su fara tanadin wanda zai koyi aiki da shi, gama inji ba ya duba mutum. Mu malamai, yaron da muka bari ya fita bai iya sau da rabawa ba, ba shi zai zauna a kujerar nan ba. Mu gyara darasin lissafi, mu tura 'ya'yan Tambuwal da Kebbe, maza da mata, su koyi wannan aiki. Wa ya sani ko gobe numfashinmu ne zai kasance a hannunsu? Allah ya ba mu lafiya, amin.