Kimiyya a Hannunka: Shagon Kwantena da Haɗarin Wutar Lantarki



A Turai akwai motoci masu ɗaki, da gado da madafi a ciki, waɗanda ake yawon hutu da su. Idan sun yada zango, sai a jona su da wutar wurin ta doguwar waya. Da yake jikinsu ƙarfe ne, ba a jona su sai ta cikin na'urorin kariya. Mu nan ba mu cika ganin irinsu ba, amma muna da ɗan uwansu: shagon kwantena. Ku duba bakin titunan Dutse, ko kasuwar Shuwarin, ko Jahun, za ku ga shagunan caji da na aski da na kayan sanyi, duk na ƙarfe, an jawo musu wuta daga maƙwabci ko janareta. Da yawanku ma kuna taya yayyenku zama a ciki bayan an tashi daga makaranta.

Wutar da KEDCO ke kawo wa gidajen Jigawa, Kano da Katsina bolt 230 ce. Idan waya ta ɓare ta taɓa jikin kwantena, duk shagon ya ɗauki wuta ke nan. Wanda ya dafa shi, ba takalmi, ƙasa kuma da danshi, ta jikinsa wutar za ta bi.

Abubuwa uku ne ke kare mu. Na farko fis ko bireka. Aikinsu yanke wuta idan lodi ya yi wa waya yawa, kafin ta yi zafi ta tayar da gobara. Ga ɗan lissafi: fis ɗin fulogi mai ƙafa uku yakan ɗauki amfiya 13. Ninka 13 da 230, ka samu wat 2,990. To hita mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,200 a kan soket ɗin ƙari guda sun zama 3,200, sun wuce iyaka. Wanda ya cusa zaren waya a madadin fis da ya ƙone, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Na biyu wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ana ɗaura ta a jikin kwantena, a haɗa da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, domin wutar da ta ɓace hanya ta samu mafita.

Na uku na'urar RCD, ita ce mai ceton rai. Bireka ba ya sanin wuta ta kama mutum, domin abin da ke iya tsayar da zuciya bai kai ko amfiya ɗaya ba. Ita RCD tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo; da zarar bambancin ya kai miliamfiya 30, sai ta yanke nan take. Tana da maɓallin gwaji da ake dannawa lokaci-lokaci.

Idan wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi da hannu. Kashe wutar ko janareta tukuna; in ba hali, ture wayar da busasshiyar sanda, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Kada kuma a watsa ruwa a gobarar lantarki.

Aikin wannan mako: tambayi mai shagon unguwarku ko akwai bireka da wayar ƙasa. Idan jikin shagon yana ɗan jan mutum, a kashe wuta a kira ƙwararren mai gyara, kada kai ka kwance komai. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.