Raddi ga Mai Cewa Karon Galaksi Halaka Ce Zalla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Bayan haka, wani malamin kimiyya a Rogo ya koya wa ɗalibansa cewa idan galaksi biyu, wato manyan tarin taurari, suka yi karo, babu abin da ke biyo baya sai rugujewa. Hujja uku ya kafa. Malam, tare da girmamawa, ga amsarsu ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka ce taurarin za su farfasa juna. Ka manta da tazarar da ke tsakaninsu. Da rana ƙwayar gero ce a kasuwar Karaye, tauraro mafi kusa da ita, Proxima, sai an wuce Rogo da nisa kafin a iske tasa ƙwayar. Taurari ratsawa suke yi su wuce. Gizagizan iskar gas ne ke gwabzawa, su matse, matsin kuma shi ke kunna sababbin taurari.

Na biyu, ka ce abin da ya watse ba ya sake haɗuwa. A 1972 'yan'uwan nan biyu, Alar da Juri Toomre, sun nuna da kwamfuta yadda ƙarfin janyowa ke zaro doguwar jela ta gas da taurari daga jikin kowace galaksi. Inda gas ya taru da yawa a jelar, nauyinsa kan dunƙule shi wuri guda ya zama ƙaramar galaksi. A 1992 Félix Mirabel da abokan aikinsa suka bayyana irin wannan ƙaramar galaksi a ƙarshen jelar tagwayen galaksin da ake kira Antennae.

Na uku, ka ce waɗannan ƙananan galaksi tsofaffi ne da hanya ta biyo da su. To, me ya sa iskar oksijin ɗinsu ta fi ta sa'o'insu yawa? Gado suka ci daga iyaye, wato manyan galaksin da suka yi karo, gas ɗin da tsofaffin taurari suka riga suka wadata. Kuma baƙin abun nan mai nauyi da ba a gani, wanda ya cika sauran ƙananan galaksi, kaɗan ne a jikinsu.

Gaskiya ne da yawansu kan faɗa wa iyayensu su narke. Amma waɗanda aka gano kusa da galaksin NGC 5557 sun yi shekaru biliyoyi suna nan.

Malam, yaran da ke gabanka amana ce. Ka koma aji ka gyara musu wannan darasi, gyara ba ya rage darajar malami. Allah ne mafi sani.