Tseren Motocin Lantarki: Zabura Kaɗai Ba Ta Isa Ma'auni Ba

A 'yan shekarun nan kamfanonin ƙera motoci na Amurka da Turai sun shiga wata gasa mai zafi, inda kowanne yake shelar yawan sakan ɗin da motarsa ta lantarki take ɗauka daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 100 a awa guda. Jaridun motoci su kan jera motocin a miƙaƙƙiyar hanya, su sake su, wadda ta riga isa a ce ita ce sarauniya. To, amma abin tambaya shi ne, ko wannan ma'auni yana gaya wa mai saye abin da ya kamata ya sani? Amsa ita ce a'a, kuma lokaci ya yi da za a sake lale.

Da farko dai, saurin motar lantarki ba baƙon abu ba ne. Tun cikin 1899 wani mutumin Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa wata mota mai batir kusa da birnin Paris, ta zama mota ta farko a duniya da ta haura kilomita 100 a awa. Abin da ya sake a yau shi ne ƙarfin batir. A 2021 kamfanin Tesla ya fito da Model S Plaid, ya ce tana kai mil 60 a awa cikin sakan 1.99. A 2023 motar Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya, mai ƙarfin dawaki 1,914, ta kai kilomita 100 cikin sakan 1.81 a wani filin gwaji na Jamus. A shekarar kuma wasu ɗaliban jami'a a Suwizalan suka ƙera wata 'yar ƙaramar mota da ta yi haka cikin sakan 0.956, a tazarar da ba ta kai mita 13 ba. Motar iyali mai shan fetur kuwa ta kan ɗauki wajen sakan 10.

Dalilin wannan fifiko a fili yake. Injin fetur sai ya yi ta juyawa ya ɗau zafin gudu kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa, ga kuma lokacin da ake ɓatawa wajen canjin giya. Injin lantarki kuwa yana ba da ƙarfin murɗa taya tun daga taka totur, kuma yawancin motocin giya ɗaya gare su. Wannan hikima ce abar yabo, babu mai musu.

Sai dai alƙaluman da ake tallatawa ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Amurkawa suna aunawa zuwa mil 60, watau kilomita 96 da ɗoriya, Turawan nahiyar Turai kuwa zuwa kilomita 100. Haka nan al'adar masu gwaji a Amurka ita ce ba a fara ƙidaya sai mota ta gusa ƙafa ɗaya, abin da yake rage wa sakamako wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma da wannan rangwame aka sami adadin da Tesla ya bayar. Sau da yawa a kan shafe filin tsere da wani danƙo don taya ta kama ƙasa, a cika batir, a kuma jira mintoci yana ɗumama kafin a tashi. Wanda ya kwatanta irin waɗannan alƙaluma ba tare da sanin yadda aka same su ba, ya gwama gero da dawa ke nan.

Na biyu, zabura ɗaya ba ita ce tafiya ba. Batir da inji suna yin zafi, kuma idan zafi ya yi yawa na'urar motar da kanta take rage ƙarfi don kada su lalace. Saboda haka ne a 2019 kamfanin Porsche ya nuna motarsa Taycan tana zabura zuwa kilomita 200 fiye da sau 20 a jere, don ya tabbatar ƙarfinta ba ya dusashewa. Bayan haka, turjiyar iska tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, watau mai tsala gudu yana zuƙe batirinsa da wuri. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Abu na uku, wanda ya fi duka muhimmanci domin rai ya shafa, shi ne nauyi. Batir kaya ne mai nauyi ƙwarai. Motar GMC Hummer ta lantarki ta haura tan 4, batirinta kaɗai ya kai nauyin wata ƙaramar motar, amma duk da haka tana kai mil 60 cikin wajen sakan 3. A farkon 2023 shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta fito fili ta nuna damuwa a kan haɗarin da irin wannan nauyi yake jawo wa sauran masu amfani da hanya. Motar da take gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, tun direba bai kai ƙafarsa ga birki ba. Injin lantarki ya gajarta lokacin zabura, amma bai ƙara wa taya kama kwalta ba, bai kuma ƙara wa idon ɗan Adam saurin gani ba. Yaron da yake tsallaka titi da mai keke su ne za su biya bashin.

Ba a ce ƙarfin zabura ba shi da amfani ba. Direban da zai wuce babbar mota a hanya mai hannu biyu yana bukatar motar da za ta amsa masa nan take. Amma ma'aunin wannan shi ne lokacin da mota take ɗauka daga kilomita 80 zuwa 120, ba tashi daga tsaye ba.

Saboda haka ya kamata duk mai kwatanta motocin nan ya bayyana abubuwa huɗu tare da adadin sakan: yadda aka yi awon, nauyin motar, tazarar da take ci kafin ta tsaya in an taka birki, da kuma nisan da caji ɗaya yake kai ta a gudun babbar hanya. Tun da motocin lantarki sun fara shigowa Nijeriya, har an harhaɗa Hyundai Kona a Legas tun 2020, wajibi ne hukumomin kiyaye haɗurra da makarantun koyon tuƙi su san da wannan sabon hali. Ɗalibai masu karatun injiniya kuma su lura cewa gasar zabura ta kusa ƙure iyakarta. Fagen da ya rage shi ne na batir marar nauyi, mai jure zafi, da birki mai tsayar da mota a kan lokaci.