Haƙori ɗaya bai kamata ya ci rai ba

Yau maganarmu ta haƙori ce: wa ke cire shi, da wane ƙarfe, me ke biyo baya, kuma me ya sa har yanzu mutumin Guci ko na Yekuwa yake miƙa bakinsa ga mai awartaki a gefen kasuwa.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya a wajenmu. Haƙori ya fara zogi, sai a tura masa kanumfari. Bai bari ba, a sa kanwa ko toka, wasu har ruwan batir suke ɗigawa cikin kogon. Daga nan sai mai tebur ya ba da tramol. Ranar da kunci ya kumbura, barci ya gagara, sai a jira kasuwa ta ci a je wajen mai cire haƙori. Wani ma yakan nuna maka "tsutsar" da ya ce ya fitar. To, a sani, babu tsutsa cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar sukari da abincin da ya maƙale, su fitar da tsami mai zaizaye haƙorin har ramin ya kai ga jijiya. Shayinmu mai sukari uku-uku da alawar da muke saya wa yara su ne abincinsu.

Ba na zagin wanzamai. Rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki. Likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, kuma mafi yawansu suna Yamai da manyan birane. Daga Magarya zuwa Damagaram kusan kilomita 90 ne. Wanda ya taso daga Malawa ko Dogo-Dogo tafiyarsa ta fi haka, ga kuɗin mota, ga na kwana, ga gona da ya bari in damina ce. Da yawa sukan tsallaka Daura ko Kano. Mun ga ƙarshen wannan dogaro lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Talakan da ya zaɓi awartaki lissafin aljihunsa ya yi.

Amma lissafin yana da tsada. Ƙarfen da ya shiga bakin mutum biyar ba a dafa shi ba, yana iya ɗauko ciwon hanta ko Sida daga jinin wani ya kai wa wani. Goge shi da tsumma ko tsoma shi cikin ruwan omo bai isa ya kashe ƙwayoyin cutar duka ba. Sau da yawa kuma kan haƙorin ne ke karyewa, saiwar ta zauna cikin ƙashi tana ruɓa. Mafi muni shi ne mugunya ta gangaro ƙarƙashin haɓa da harshe, wuya ya kumbura, numfashi ya toshe. Wannan yana kashe babban mutum mai ƙarfi cikin kwanaki kaɗan, a yi jana'iza a ce "kumburi ne" ko "jifa ne", ba wanda zai rubuta cewa haƙori ne.

Tunda cirewar ba za ta tsaya gobe ba, ga abin da ya kamata kowane gida ya sani, ko a likita aka cire ko a wani wuri.

Kafin a taɓa ka, faɗi gaskiyar lafiyarka: in kana da ciwon sukari, hawan jini, sikila, ko jininka ba ya saurin tsayawa, ko ke mai ciki ce. Bayan an cire, a cije audugar da aka sa a ramin minti 30 zuwa 60 ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. Gudan jinin da ke daskarewa cikin ramin shi ne murfin ciwon, ƙarƙashinsa nama ke tsirowa. Duk dokokin da suka biyo baya don kare wannan gudan jini ne.

Awa 24 na farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba tsotsa, ba taɓa wurin da harshe ko yatsa ko tsinke. Na san tambayar da za ta zo: alwala fa? A mazhabar Malikiyya da muke bi, kurkurar baki sunna ce, ba ta cikin farillan alwala, don haka barin ta na yini ɗaya saboda larura ba ya ɓata sallar kowa. Duk mai shakka ya tambayi limamin unguwarsu. Sigari, taba gari da goro a ajiye su aƙalla kwana uku, in an iya mako guda ya fi. A sha fura mai laushi, kunu ko koko da ya huce, a bar shayi mai zafi da ƙuli-ƙuli da kilishi da yaji. Ranar kuma ba ta zuwa gona ko daka ba ce, a kwanta da kai a ɗage.

Washegari sai a fara kurkurewa a hankali da ruwan da aka tafasa ya koma ɗumi, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya, sau uku ko huɗu a yini, musamman bayan cin abinci. A ci gaba da asuwaki ko buroshi a sauran haƙoran, a kauce wa ramin. Don ciwo, paracetamol ya isa mafi yawan mutane. Aspirin na ƙara zubar jini, tramol ɗin tebur kuwa wata masifa ce daban. Kafso ja da rawaya da ake saye biyu-biyu ba ya maganin komai, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai; in ana buƙatar irin wannan magani, ma'aikacin lafiya ne zai rubuta, a shanye shi duka.

Ga alamun da ba a kwana da su: jinin da ya ƙi tsayawa bayan an sake cije auduga mai tsabta, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu ko uku, wahalar buɗe baki ko haɗiya ko numfashi. Haka nan ciwo mai tsanani da ya dawo kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewa, da wari, yana harbawa har kunne: murfin nan ne ya fita, ƙashi ya zauna a fili. A nufi CSI mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne.

Yanzu ga maganarmu da masu mulki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. A Disamban 2023 ta saka cutar noma, mai cinye fuskar yara, cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Mu mutanen Damagaram ba sai an ba mu labarinta ba: ƙungiyar Sentinelles tana karɓar yaran noma a Damagaram tun 1992. Cutar daga kumburin dasashi take farawa a bakin yaro mai tamowa, kuma in an gan ta da wuri magani mai araha na tsayar da ita. Magarya, inda MSF ke jinyar yara masu tamowa tun 2005, ita ce wurin da ya fi cancanta a buɗe bakin kowane yaro a duba. Tun 2006 gwamnati ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Baki ma ai jiki ne.

Abin da muke nema ba ya fi ƙarfin ƙasa. Na ɗaya, Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, kowace ta sami sashen haƙori mai aiki kullum, da ma'aikaci zaunanne, da allurar kashe zafi, da tukunyar tururi ta dafa kayan aiki, a liƙa farashi a bango kowa ya gani. Na biyu, a horar da ma'aikatan CSI su iya duba baki, su ba da taimakon farko, su san lokacin tura mara lafiya gaba. Na uku, a riƙa fita da likitan haƙori ranakun kasuwa zuwa Bande, Waca, Sasumburum da Guci, kamar yadda ake fita allurar rigakafi. Na huɗu, a zauna da sarakunan aska a yi yarjejeniya: su san alamun haɗari, su tura mutane likita. Na biyar, gidajen rediyon karkara su ware wa wannan batu lokaci kowane mako.

Ranar 20 ga Maris ce ranar lafiyar baki ta duniya. Kafin ta zo, kowane reshe namu ya kai wannan buƙata a rubuce ga shugaban gunduma, da babban likitan gunduma, da masu riƙe da kujerun magadan gari, a nemi amsa a rubuce. Wanda ya karanta wannan kuma ya karanta wa iyayenmu da ba su da waya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.